An Duba, Babu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya koma ga Mahaliccinsa a ƙarshen damina, gero ya fid da kai, wake bai kai ga nuna ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka ni aka zaunar a tabarmar gaba a ƙofar gidanmu na Waca, ni ake miƙa wa hannu, ni ake ce wa ya haƙuri. Na amsa gaisuwa har muryata ta dushe. Amma a zaman nan ba rashin uba kaɗai nake haƙuri da shi ba, har da masu ta'aziyyar kansu.

Kowa ya zo da guzurinsa. Wani tsohon makiyayi daga Guci ya durƙusa, ya shafa fatiha, ya ce, "Malam ko a tsakiyar kasuwa ya hango ni, da sunana yake kirana, ya haɗa da na ubana." Wata dattijuwa ta tsaya a bakin zaure tana share hawaye da gefen mayafi, tana gaya wa duk mai shiga cewa shi ya tsaya mata ranar da aka so raba ta da karsanarta. Waɗanda ya koya wa aikin allurar dabbobi suka jeru, kowa da yabon da Baba ya taɓa yi masa a bakin wani garke. Hatta mai shayin tasha yana da wata magana da Baba ya gaya masa, ya adana ta, ya kawo mana ita da ɗuminta. Ni kuwa ina ta "Allah ya ba da lada," ina laluben tawa a zuci, ban samu ba. Kishi ya kama ni a kan tabarmar makokin ubana. Ba zan ɓoye ba, don shi ne ya fara sa ni ɗaukar alƙalami.

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Kada wani ya taso ya yi mini bayanin alkunyar ɗan fari, a cikinta aka haife ni. Gidanmu gidan noma da kiwo ne, kuma a wajenmu uba ba ya ɗaukar ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya faɗin sunansa ko da wani mai irin sunan ake nufi. Ana yaye ni kakata ta tafi da ni Sassumbrum, can na yi wayo, can na shiga lakwal, wato makarantar boko. Da na dawo gida na tarar sunana "wancan". Da na girma na sami aiki a birni sai aka yi mini ƙarin girma, na zama "mutumin Damagaram". Duk na san dalili, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Sai ga Auta. Ƙanwata ce, autar ɗakinmu, kuma duk abin da al'ada ta hana ni, ita ta kwashe. Sunanta ba ya barin bakin Baba. Tun tana rarrafe yake ɗora ta a gaban moto, babur ɗin aikinsa, ya zaga rugage da ita. Ragowar furarsa tata ce. In ta yi laifi ya yi dariya, in ta yi abin kirki unguwa duk ta ji. Yau matar aure ce da 'ya'yanta a nan Waca, amma har ya rasu in ta shigo fuskarsa takan washe tun kafin ta gama sallama. Ina son Auta, Allah ya sani. Ina kuma jin haushinta tun ranar da aka dawo da ni na gan ta a cinyarsa.

Ni kuwa ga tawa tarbar. Duk zuwan da zan yi gida, motar ranar kasuwa nake shiga daga Damagaram, gidan gaba, jakar ordinata, wato kwamfuta, a cinya. In na sauka a tasha babu mai tarbata, sai in rataya jaka in taka. Kullum a wuri ɗaya nake samunsa, kan tabarma a ƙofar gida, rediyo a kunne, takalma a ƙafa ko cirewa bai yi ba, yana ɗan haki kamar wanda ya dawo daga wani aiki. In durƙusa in gaishe shi, ya dubi rediyo ya ce, "An iso?" In ce an iso. Ya ce, "Madalla. A shiga ciki." Shi ke nan. Nakan shiga ina cewa a raina, mutumin nan yana da ƙafar zuwa wurin kowa, ni ne dai ba shi da idon kallo.

Amma ba don in kai ƙararsa nake wannan rubutu ba. Ina so a san wane ne shi, kafin bakin mutane ya goge shi ya koma "mutumin kirki" kawai, irin wanda ake faɗa a kan kowace gawa.

Malamin dabbobi ne na gwamnati. Ya ci ƙasar Magariya da Dungas da ƙafa da moto, daga wannan rijiya zuwa waccan, akwatin allura ɗaure a baya. Gajere ne mai saurin tafiya, mai son kunun gyada, mai ƙin a taɓa masa rediyo. Saniya kafin ya taɓa ta sai ya yi mata magana. Yana da fushi, amma fushinsa a kan abu guda yake taruwa: mutum ya ce "babu" yana zaune. In ya ce a dubo ko akwai ruwa a randa, aka amsa masa daga inuwa cewa babu, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ka duba, ko a jikinka ka ji?" Yakan ce, "Babu, maganar wanda ya tashi ya je ce. Wanda bai tashi ba, ban sani ba ce tasa." Inna takan ce a gidan nan ko gishiri ne ya ƙare sai an kai masa gwangwanin ya leƙa. Ya taɓa korar wani ma'aikacinsa daga bakin garke, ya sa shi komawa gari da ƙafa, don ya rubuta "babu ciwo" a kan shanun da bai buɗe bakinsu ba. Da yamma kuma shi ya bi shi har gida da ƙwaryar nono, don ya ji matar mutumin ba ta da lafiya.

Da ya ajiye aiki, ƙungiyar makiyayan yankinmu ta roƙe shi ya riƙe mata bayanan shanu: na wane ne, an yi musu allura ko ba a yi ba, wace alama ke jikinsu. Suka sami ordinata da faranti mai ɗaukar hasken rana. Aikina ke nan a birni, gina rumbun bayanai, saboda haka na ɗauki hutu na zo na gina musu. Ba don ƙungiya na yi ba. Na yi ne don in ga ko wannan karon zai ɗago kai.

Auta aka zaɓa ta riƙa shigar da bayanan, tunda ta yi lakwal kuma tana gari. Muka zauna a zaure ina koya mata. Baba yana can gefe ya juya mana baya, wai labarai yake saurare. Na nuna mata yadda abin yake: jerin masu shanu daban, jerin shanun daban, na allura daban, kowace saniya an ɗaure ta da mai ita da lamba, yadda in ka ja ɗaya sauran za su biyo. Har muka zo kan gurbin da ake rubuta alama, ko yankan kunnen dama ne, ko tsaga biyu, ko zanen wuta a cinya.

Na ce mata, "Nan ki kula. Gurbin nan yana iya zama ba komai ta hanya biyu, kuma a ido duk fari za ki gani. In an kama saniya an duba, ba ta da alama ko ɗaya, ki danna maɓallin nan da na yi miki, zai shigar da rubutu marar harafi. Fanko ke nan, an buɗe ƙwarya an ga ba komai. In kuwa ba a duba ta ba, kada ki taɓa gurbin. Na'urar za ta riƙe shi a matsayin abin da muke ce wa nul. Nul ƙwarya ce da faifai a kai, ba wanda ya ɗaga."

Ta ce, "To yaya, in ƙwarya biyu duk a rufe suke, ai ɗaya suke ke nan."

Na ce, "Tambayi na'urar ki gani. Fanko da fanko za ta ce ɗaya ne. Nul da nul ba za ta ce e ba, ba za ta ce a'a ba, don ba ta san abin da ke ciki ba. In kika ce ta fito da duk shanun da alamarsu ba yankan dama ba ce, masu fanko za su fito, masu nul ta bar su a baya, ba za ta rantse a kansu ba. In kika ce ta ƙirga alamomi, ta ƙirga fanko, ta tsallake nul. In su kike so, sai kin neme su da kansu, ki ce ta kawo waɗanda ba a duba ba."

Sai na ji rediyo ya yi shiru. Baba bai juyo ba, ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Ashe ƙarfen nan ya fi wasu mutane tarbiyya."

Ya sake kunna rediyonsa. Ni na sha wahalar ginin, ni na zo da maganar da ta yi daidai da wadda ya tsufa yana faɗa, amma ƙarfe aka yaba, kuma Auta aka gaya wa. Ranar har da ordinata na yi kishi.

Maganar karsanar da dattijuwar nan take kuka a kai, a gabana aka yi ta, na zo hutun Sallah. An tsinci wata 'yar karsana ja a gefen kasuwar Guci, ba alama a jikinta ko ɗaya. Mutum biyu suka ce tasu ce: dattijuwar, wadda mijinta ya rasu ya bar mata saniya guda da 'yarta, da wani mai babban garke, mutum mai faɗa a ji. Aka jawo karsanar har Waca, aka ɗaure ta a gindin tsamiya a gaban ɗakin ƙungiya, jama'a ta taru. Dattijuwar ta taho da saniyarta a igiya, tana roƙo a kwance karsanar a ga wa za ta bi. Mai garke ya ce ba za a yi caca da dukiyarsa ba, ai akwai na'ura, a tambaye ta.

Auta ta nemo shanun kowannensu. Ga 'yar saniyar dattijuwa, ja, gurbin alama fari. Ga kuma jajayen karsanu a garken mutumin, nasu gurbin shi ma fari. Ya leƙa, ya buga cinya. "To ai shi ke nan! Nata fari, nawa fari. Ita guda gare ta, ni ga su nan birjik. Wa ya fi kusa da gaskiya?"

Jama'a suka fara gyaɗa kai. Dattijuwa ta zauna a ƙasa, igiyar saniya a hannunta. Baba ya ce, "Auta, tambayi farin nan, wane iri ne."

Ta nemi masu fanko kaɗai. Karsanar dattijuwa ta fito, ita ɗaya. Ta nemi waɗanda ba a duba ba, sai ga na mai garke gaba ɗayansu. Ashe lokacin da aka zaga allura shanunsa suna arewa wajen kiwo, da baki aka ba da adadinsu da launinsu, ba wanda ya ɗaga kunnen ko guda.

Wani daga baya ya ce, "Ashe ƙarya yake!" Baba ya juya kansa kamar zai cinye shi. "Wa ya gaya maka? Na'ura ba ta ce ƙarya yake ba. A kan ta baiwar Allah nan ta ce an duba, babu alama. A kan nasa ta ce ba ta sani ba. Ban sani ba kuwa ba ta ba da shaida, ba ta kuma tozarta kowa." Daga nan ba mai bakin hana gwaji. Aka kwance karsanar, ko waiwaye ba ta yi ba ta nufi saniyar dattijuwa tana kuka, uwar ta hau lasarta. Mai garke ya cire hula ya mayar. Baba ya kama hannunsa ya raka shi har wajen motonsa, yana ce masa ya bincika garken maƙwabta. Bayan 'yan kwanaki kuwa a can aka ga tasa. Da gaske ya yi ɓatan, kuma ita ma ba ta da alama.

Da Baba ya dawo gindin tsamiya ya ɗaga murya ya ce, "Ku gode wa Auta. Ita ta raba gardamar nan, don ba ta taɓa cike gurbi da zato ba." Kawu, ƙanen Inna, shi ne shugaban ƙungiyar, ya ce, "Ai ɗanka ne ya gina abin, ga shi nan tsaye." Ina tsaye kuwa, in ya miƙa hannu zai taɓa ni. Baba ya zuba wa karsana ido ya ce, "Haka na ji ana faɗa." Washegari na nemi mai moto ya fitar da ni, hutuna bai ƙare ba.

Rigimar da aka fi tuna shi da ita a ƙarshen rayuwarsa, da Kawun nan ya yi ta. Wasu masu furoje, wato ayyukan tallafi, daga birni suka ce a kwafe musu bayanan zuwa nasu babban rumbun. Nasu kuwa irin wanda ba ya raba biyun ne, ka ba shi fanko ya mai da shi nul. Suka kuma ce ba sa son ganin gurbi fari a rahoto. Kawu ya ce abu mai sauƙi, a bi duk farin a rubuta "babu" kowa ya huta. Baba ya miƙe tsaye a tsakiyar taro. "Kai ka je ka ɗaga kunnuwansu? Gobe in saniyar wani ta ɓata, da babun nan taka za a ƙwace ta." Kawu ya ce tsufa ne ke damunsa. Baba ya ce gara tsufa da lalaci. Mutanen da tun samartaka kwano ɗaya suke ci suka daina gaisawa sai a ƙofar masallaci, Inna tana tsakiya tana cewa su biyun duk a kai su turke a ɗaure.

Ina biro, wurin aikina a birni, salulata ta yi ƙara. Auta ce. Ina jin muryarsa a bayanta, kusa ƙwarai: "Tambayi mutumin Damagaram in akwai dabara." Na ce akwai. A ƙara gurbi guda kusa da na alama, a riƙa rubuta an duba ko ba a duba ba, e ko a'a. Ko rumbun nasu ya haɗe farin, wannan zai tsira. Auta ta maimaita masa. Na ji ya ce, "To! Madalla, Auta. Allah ya yi miki albarka." Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Baba, ina wuni?" Sai ya ce, "Ce masa lafiya lau." Da dabarar tawa suka shirya, har Kawu ya aiko masa da goro. Albarkar kuwa ta wuce ta gefen kunnena ta sauka a kan Auta.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Ba ranar kasuwa ba ce, kafin in sami wata motar an riga an kai shi makwancinsa. Auta ce a kansa har ya cika.

Washegarin isowata na same ta a bayan gida tana wanke tukwanen sadaka. Na tsuguna kusa da ita, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaya. "Ya ambace ni?"

Ta tsaya da wankin. "Yaya, ban tambaye shi ba."

"Ba cewa na yi kin tambaye shi ba. Shi ya faɗa?"

"Ruwa kawai ya ce in ba shi, daga nan sai salati."

"Da sunanki ya nemi ruwan?"

Ta sunkuyar da kai. "E."

"To a ganinki, akwai ni a ransa, ko babu?"

Idanunta suka ciko. "In na ce maka akwai, da zato na cike. In na ce babu, ban duba ba. Ka yi haƙuri, yaya, ban sani ba."

Da ƙarya ta yi mini, da na karɓa hannu biyu. Amma 'yar ubanta ce, har a nan ta fi ni gadonsa. Na tashi na bar ta da tukwanenta. Gwaggo, yayar Baba, ta ga fuskata ta ce, "Haba, kai kuwa! Ɗan fari ai a zuci ake riƙe shi." Na ce, "Gwaggo, kin leƙa zuciyar?" Ta jefe ni da mafici, ta ce halin ubana ne ya tashi a kaina.

Abin da nake tsoro ke nan, bari in faɗe shi. Shirun Baba a kaina fari ne, irin farin nan na kan na'ura. Yana raye ina ce wa kaina ƙwarya ce a rufe, wata rana za a ɗaga faifan. Yanzu mai ƙwaryar ya tafi, kuma zuciyata ta fara raya mini cewa tun farko a buɗe take, ni ne na ƙi yarda ba komai a ciki.

Ranar kasuwa ta zagayo muna zaman makoki. Da la'asar wani ƙaƙƙarfan mutum ya zo, rigarsa da tabon man mota, ya yi sallama ya zauna a ƙarshen tabarma. Na gane shi, direban motar da nake shiga ne. Ban taɓa sanin akwai abin da ya haɗa shi da Baba ba.

Bayan addu'a ya ce, "Ni mutumin Damagaram ne, tsohon nan ko sunansa ban sani ba. Yau da na iso ban gan shi ba, na tambayi mai shayi, ya ce ai ya rasu, ya kwatanta mini gidan. Shekara da shekaru, duk ranar kasuwa yana gindin dogon yaron nan na tasha kafin in iso. In na tsaya, ya matso ya jira kowa ya sauka. Kuma ba ya yarda da hange, sai ya sa kai ta taga, ya leƙa gaba, ya leƙa baya. Sannan ya ce, 'To, an duba, babu,' ya juya. Na taɓa ce masa, Baba, saƙo ake jira? Ya ce a'a. Na ce baƙo ne? Ya juya abinsa."

Mazan da ke kan tabarma suka sunkuyar da kai. Ashe sun sani. Amma a Waca wa zai tona wa dattijo asiri a gaban ɗan farinsa? Kawu ya yi gyaran murya, ya sake yi. Direba baƙo ne, bai gane ba, ya ci gaba.

"Abin da ya ɗaure mini kai, jefi-jefi, tun ina shan kwana zai hango motar, sai in ga ya juya da sauri ya bi lungun bayan masallaci, har da ɗan gudu, tsoho da shi. Irin ranar ba ya leƙawa."

Na ce, "Irin ranar, wa ke gidan gaba?"

Ya dube ni sosai, karo na farko tun zuwansa. Ya dubi tabarmar da nake kai, ya sake dubana. Ya kama baki. "La ilaha illallahu. Mai jakar ordinata."

Lungun bayan masallaci shi ne yanke zuwa ƙofar gidanmu. Takalman nan da ba a cire ba suka faɗo mini, da hakin nan, da rediyon da aka manna a kunne. Na tashi na shiga zaure don kada maza su ga fuskata.

Za ku ce to kishi ya ƙare. Bai ƙare ba, wuri ya sauya. Auta na sallame ta. Direban nan nake kishi yanzu, baƙo mai tabon mai a riga, wanda ya ga fuskar ubana tana nemana kasuwa bayan kasuwa, abin da ni ban gani ba ko sau ɗaya. Da zai tafi na raka shi, na tambaye shi yaya fuskar take in ya ciro kai daga taga. Ya yi tunani, don mutumin kirki ne, ba ya so ya yi mini ƙarya. Ya ce, "Wallahi ban lura ba, malam. Lokacin ina sauke kaya."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ranar da za a duba ma'auninsa a same shi cike. Wanda ya karanta wannan ya san shi, ya yi masa fatiha. Wanda bai san shi ba, ya riƙe maganarsa, kada ya ce babu yana zaune.

Kafin in koma birni na je tasha ranar kasuwa, na tsaya a gindin dogon yaron, daidai inda mai shayi ya nuna mini da haɓa ba tare da ya dube ni ba. Motar ta sha kwana. Daga wurin, kafin ka ga komai nata, gidan gaba kake fara gani. Na jira kowa ya sauka. Sannan na matsa na sa kai ta taga, na leƙa gaba, na leƙa baya. Maganar Baba ta zo har bakina, na kasa faɗinta.